Wata 14 da na'urar awon hawan jini a gefen gadona

Yayata ce ta fara faɗuwa. Wata Laraba tana alwalar la'asar buta ta suɓuce mata daga hannun dama, baki ya karkace, magana ta ƙi fita. Kafin mu isa asibitin koyarwa na Shika ɓarin jiki ya riga ya shanye. Shekarunta 57, kuma ba mu taɓa jin ta yi kukan wani ciwo ba in ban da ciwon kai jefi-jefi irin na kowa. Likitan da ya duba ta ya ce jininta ya daɗe yana hawa ba a sani ba. Yana gama rubutu ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Hajiya, ke fa, yaushe rabonki da awo?" Na tsaya ina lissafi. Rabona da awo tun ina da cikin auta, shekara 16 ke nan. Nan take aka ɗaura mini ɗamara, aka samu 164 bisa 102.

Bai rubuta mini magani a ranar ba. Ya ce wanda aka auna yana cikin tashin hankali irin nawa ba a yanke hukunci da awonsa guda ɗaya, kuma akwai mutanen da ganin likita kaɗai kan sa jininsu ya hau, in sun koma gida ya sauka. Ya ce in nemi na'urar awo ta gida, in yi mako guda ina aunawa safe da yamma, in kawo masa lambobin. Wannan na'ura ce nake son in ba da labarinta, domin tun da na saye ta mata da yawa a makarantar da nake koyarwa da kuma unguwarmu a Tudun Wadar Zariya suke tambayata ko ta cancanci kuɗinta. Ta cancanta. Amma akwai abubuwan da da na san su tun farko da ban yi asarar kuɗi da kwanciyar hankali ba.

Na je wani babban kantin magani a Sabon Gari tare da 'yata ta biyu, wadda ke karatun aikin jinya. Iri uku muka tarar. Akwai ta hannu irin ta asibiti, mai 'yar roba da ake matsawa da abin sauraro da ake sa wa a kunne. Wannan sai wanda ya koya, kuma mutum ba ya iya auna kansa da ita cikin sauƙi. Akwai ƙarama da ake ɗaurawa a wuyan hannu kamar agogo, ita ce ta fi arha kuma ita ta fi ɗaukar idona. 'Yata ta ce, "Mama, a bar wannan. In hannu ya ɗan sauka ko ya hau daga saitin zuciya sai lambar ta canza." Muka ɗauki ta uku, mai batir, wadda ake ɗaura ɗamararta a damtse. Kafin in biya sai da ta duba a wayarta ko samfurin yana cikin jerin na'urorin da aka gwada aka tabbatar da ingancin awonsu, a wani shafi mai suna STRIDE BP da ƙungiyoyin likitocin hawan jini na duniya ke tsaye a kansa. Biyu daga cikin waɗanda ke kantin ba su cikin jerin, tamu tana ciki. Na biya naira dubu 28. Na san farashi ya motsa tun daga lokacin.

Na'urar fara ce, ba ta fi faɗin tafin hannuna biyu ba, da madanni babba guda ɗaya da ƙarami na duba awon baya. Batir huɗu take ci, irin na tocila ƙarama. Lambobinta manya ne, ina karanta su ba tabarau, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wadda ta haura hamsin. In aka danna, sai ta hura iska cikin ɗamarar har ta matse jijiyar jini, sannan ta riƙa sassautawa a hankali tana jin motsin jinin da ke komowa. Cikin ƙasa da minti ɗaya ta fitar da lambobi uku. Ta sama ita ce ƙarfin bugun jini a jikin jijiya lokacin da zuciya ta matse, ta tsakiya ita ce abin da ya rage lokacin da zuciya ta saki kafin bugu na gaba, ta ƙasa kuma yawan bugun zuciya ne a minti ɗaya. Da mutane suka ce "sama da ƙasa", biyun farko suke nufi.

Babban aibinta, wanda ya fi ɓata mini rai, shi ne ɗamarar da ta zo da ita. An rubuta a jikinta da ƙananan baƙaƙe cewa ta damtse ce mai kauri santimita 22 zuwa 32. Ba wanda ya ja hankalinmu a kan haka a kantin, mu ma ba mu duba ba. Ni mace ce mai jiki. Da na ga ɗamarar tana ɓallewa in iska ta cika, sai na ari tef ɗin tela na auna tsakiyar damtsena, ya ba da 36. Ashe in ɗamara ta yi wa hannu kaɗan, lambar da za ta bayar sai ta fi ta gaskiya hawa. Kwana biyar na yi ina ganin 160 da wani abu ina kwana da fargaba, har sai da aka kawo mini babbar ɗamara mai 32 zuwa 42 daga Kano, da ƙarin kuɗi kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin na'urar. Da na gwada su biyun a jere, bambancin ya kai 8 zuwa 10 a lambar sama. Wannan bambanci ya isa a ɗora wa lafiyayye magani, ko a ƙara wa mai shan magani abin da bai kamata ba. Don haka duk mai niyyar saye, ya auna damtsensa tun daga gida, ya tafi da lambar a rubuce. Akwai samfurin da ke zuwa da ɗamara mai 22 zuwa 42 wadda za ta yi wa kusan duk mutanen gida, da na sani ita zan saya ko da ta fi tsada.

Takardar bayanin da ke cikin kwalin da Turanci da Faransanci da wasu harsuna take, babu Hausa, kuma rubutun ƙanana ne ƙwarai. Abin da ke cikinta kuwa shi ne rabin amfanin na'urar. 'Yata ta fassara mini, na rubuta a bangon littafina: kada a sha shayi mai ƙarfi ko kofi, kada a ci goro, kada a yi aikin ƙarfi minti 30 kafin awo. A fara zagawa a yi fitsari. A zauna a kujera mai jingina minti biyar ba magana, ƙafafu biyu a ƙasa ba a harɗe ba. A ɗora hannu a kan tebur ko matashi har ɗamarar ta yi daidai da zuciya. A ɗaura a kan fata, ba a kan hannun riga ko hijabi ba, kamar yatsu biyu sama da gwiwar hannu. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya. Minti biyar ɗin nan na zama shiru su suka fi mini wuya a gidan da ke da yara da jikoki, har na mai da awon safe bayan sallar asuba da azkar, kafin kowa ya tashi. Wata rana na gwada aunawa ina amsa gaisuwar maƙwabciya, lambar sama ta ƙaru da 12 a kan wadda na samu bayan ta tafi na natsu.

Na sake makon daga farko da sabuwar ɗamara. Likita ya ce a jefar da awon ranar farko, a haɗa na sauran kwana shida a raba. Ya fito 149 bisa 94. A asibiti iyakar da ake cewa jini ya hau ita ce 140 bisa 90, amma a awon gida 135 bisa 85 ce, tun da mutum ya fi natsuwa a ɗakinsa. Na wuce duka biyun. Ya sa aka ɗauki jinina da fitsari don duba ƙoda da suga, ya ɗora ni a kan maganin hawan jini mai suna amlodipine miligiram 5, ƙwaya ɗaya kullum da safe. A wannan zuwan na tafi da na'urar tawa, ma'aikaciyar jinya ta auna ni da tasu ta auna da tawa, bambancin bai wuce 3 ba. Daga nan na yarda da ita.

Na'urar ba ta warkar da komai. Abin da ta yi mini shi ne ta fito da ciwon da ba a ji a jiki ta ajiye shi a gabana a rubuce, har na riƙa ganin yadda yake amsa abin da na ci da abin da na yi. Na sayi littafin rubutu mai shafi 60 irin na ɗalibaina, na ja layi: kwanan wata, safe, yamma, da fili babba na abin da ya faru a ranar. Bayan wata biyu littafin ya fara yi mini magana.

Gishiri ya fara tonawa. Da an ce mini ina cin gishiri da yawa da na musa, domin ba na barbaɗa shi a kan abinci. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba kada ya wuce giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan lissafin ya haɗa da wanda ke ɓoye cikin komai. Na tsaya na ƙirga abin da ke shiga tukunyar miyata: dunƙule shida, da gishiri, da garin ɗanɗano na leda, sannan a kawo yaji wanda shi ma da dunƙule da gishiri aka daka shi. Ga burodi da safe, ga taliyar yara da nake taya jikoki ci, ga kilishi da Malam kan shigo da shi. Duk washegarin biki ko suna, in na ci shinkafar taro da naman da aka soya da kayan ɗanɗano, awon safe sai ya haura na sauran kwanaki. Ban yanke gaba ɗaya ba, domin na san gidan ba zai ci ba. Na rage dunƙule daga shida zuwa huɗu, bayan mako uku zuwa biyu, na ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da busasshen kifi. Malam ya yi ƙorafi a makon farko, ya ce miyar kuka ta yi salam. A wata na biyu da muka ci abinci a gidan ƙanwarsa, shi da kansa ya ce mini a hanya gishirin ya yi yawa. Harshe yana sabawa, wannan na gani a gidana.

Kanwa kuwa sai da na yi da gaske kafin na rabu da ita, domin da ita muka tashi. A wake, a ɗanwake, a miyar kuɓewa da karkashi, ga kunun kanwa da Innarmu ta shayar da mu a kowane jego. Sinadarin da ke cikin gishiri mai sa jini hawa, shi ne dai a cikin kanwa. Likitana ya tuna mini cewa a nan Zariya ne likitoci suka yi bincike tun shekarun 1970 a kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta yawansa da kunun kanwa da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a gadon wuta. Ba na zargin iyayenmu, abin da suka gada suka yi mana cikin ƙauna. Amma da babbar 'yata ta haihu bana, kunun gyaɗa da na tsamiya na dama mata, kuma na kai mata na'urar nan ta yi mako biyu a ɗakinta. Wake yanzu jiƙa shi nake yi tun dare, yana nuna ba kanwa.

Abu na uku ban taɓa zato ba. Ina da ciwon gwiwa, kuma na saba in ya tashi in aika kemis a sayo mini diclofenac ko ibuprofen in sha kwana uku ko huɗu. Littafin ya nuna duk makon da na sha su lambar tana hawa. Da na nuna wa likita ya ce haka ne, wannan rukunin magungunan suna sa jiki riƙe gishiri da ruwa, suna kuma wahalar da ƙoda. Ya canza mini, ya ce rage ƙiba da tafiya za su fi yi wa gwiwar amfani.

Tafiyar ita ce ta zame mini abin da na fi so a duk wannan lamari. Shawarar da ake bayarwa ita ce aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, minti 30 ke nan sau biyar. Na daina hawa a-daidaita-sahu zuwa makaranta, ina fita da wuri in taka, minti 25 zuwa, in rana ba ta yi zafi ba in tako dawowa. Da farko ina isa ina haki, sai na zauna kafin in shiga aji. Yanzu wasu malamai biyu suna jirana a bakin titi mu tafi tare, kuma hirar da muke yi a hanyar nan ta rage mini nauyin zuciya fiye da yadda zan iya faɗa, musamman a watannin da nake jinyar Yaya. Na sauke kilo 6 a shekara guda. Barcina ya gyaru. Littafin ma ya nuna mini cewa daren da na kai ƙarfe ɗaya ina duba waya, safiyarsa lambar ba ta yin kyau, sai na koma ajiye wayar a falo bayan isha'i.

Akwai kuskuren da na yi wanda dole in faɗa, domin na san mata da yawa suna yin sa. A wata na huɗu awona ya zauna a wajen 128 bisa 82. A wani gidan biki aka yi ta ce mini ai na warke, maganin Bature in an saba da shi ba a rabuwa, in koma zoɓo da tafarnuwa. Maganar ta shige ni, ga kuma ƙafafuna suna ɗan kumbura da yamma, wanda sananne ne amlodipine kan jawo wa wasu. Na ajiye ƙwayar ban gaya wa kowa ba. Jikina bai nuna mini komai ba, ko ciwon kai ban yi ba. Na'urar ce kaɗai ta nuna: 134, 139, 146, a rana ta tara 153 bisa 96. Na zauna a bakin gado ina kallon lambar ina tuna Yaya da butarta. Washegari na koma asibiti na faɗi gaskiya. Da ba ni da abin awo a gida, da na ci gaba da zama a kan cewa na warke har sai abin da Allah ya kiyaye ya faru. Zoɓo ina sha har yanzu, ba suga, amma a matsayin abin sha, ƙwayata kuma ba na fashi. Da azumi ya zo likita ya mayar mini da ita lokacin sahur, kuma na yi watan lafiya lau.

Sauran aibobinta ƙanana ne. Batir mai arha ba ya wuce mako uku, kuma in ya yi sanyi sai ta kasa cika ɗamarar ta nuna alamar kuskure. Mai kyau yakan kai ni wata huɗu. Tana da ramin sa waya ta lantarki amma ba a haɗo da wayar a kwali ba. Tana ajiye awo 60, sai dai duk lokacin da aka cire batir kwanan wata yakan goge, kuma ba ta bambance awona da na Malam, shi ya sa littafi ya fi mini. Wajen mannewar ɗamarar yana tara zare da ƙura, musamman da hunturu, sai ana tsincewa. Tana kuma da wata 'yar alama mai siffar zuciya da ke fitowa in ta ji bugu ba daidai ba. Sau biyu ta fito mini, duka lokacin na motsa hannu ne. Likita ya ce in tana yawan fitowa alhali ina zaune shiru, in zo a yi mini gwajin zuciya.

Wani haɗarin kuma ba daga na'urar yake ba, daga mai ita ne. A watan farko nakan auna sau takwas, sau goma a yini. In na ga ta hau sai gabana ya faɗi, in sake aunawa, fargabar ta ƙara hawar da ita. Likita ya ce mini, "Hajiya, jini ba tsaye yake wuri ɗaya ba, yana hawa yana sauka duk yini. Matsakaicin mako muke dubawa." Yanzu da abin ya daidaita, kwana biyu a mako nake aunawa, sai kuma mako guda cikakke kafin ranar ganin likita. Mai yawan damuwa ya sa wa kansa wannan iyaka tun ranar da ya saya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kusan mutum biliyan 1.3 ne ke da hawan jini a duniya, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Ban fahimci girman wannan magana ba sai da na'urar ta zama ta unguwa. Ranar Asabar da hantsi mata kan shigo, in shimfiɗa tabarma, in ajiye kujera ɗaya da tebur, kowa ta zauna minti biyar ɗinta. Ba na ba kowa magani, ba na cewa kowa tana da ciwo. Ina rubuta mata lambar a takarda in ce ta kai asibiti. Abu biyu na riƙe da ba a jira a kansu. In awo ya kai 180 bisa 120, musamman da ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama, ko gani dishi-dishi, ko nauyin baki da hannu, asibiti ake nufa a lokacin. Mai ciki kuwa in ta kai 140 bisa 90 a ranar za ta je, saboda jijjiga. Wata amaryar maƙwabtanmu mai cikin wata takwas ta shigo da kumburin fuska da ciwon kai, muka samu 158 bisa 104, muka sake bayan ta huta bai sauka ba. Surukarta ta ce a bari sai Litinin ranar awo. Na ce, "Yaya Hajiya, don Allah yau ɗin nan." Aka kai ta, aka kwantar da ita, bayan kwana shida ta sauka lafiya.

Malam ne ya fi kowa gudun ɗamarar. Wata bakwai yana cewa shi lafiyarsa ƙalau, wanda ya je neman ciwo zai same shi. Ran da ya raka ni gaida Yaya ya ga yadda ake ɗaga ta ana koya mata taku da sanda, da muka dawo bayan magariba ya naɗe hannun rigarsa ya zauna a kujerar bai ce komai ba. Nasa ya fito 138 bisa 88 a matsakaicin mako. Likita bai ɗora shi a kan magani ba tukuna, ya ba shi wata uku ya rage goro da tsire ya riƙa takawa zuwa masallacin Juma'a, sannan a sake dubawa. Na ja masa nasa layin a bayan littafina, kuma awon da ya yi jiya da safe 133 bisa 84 ne. Ranar Talata mai zuwa za mu koma asibiti tare, kowa da shafinsa.